Tsadar da ta ci hannu da ƙafa: fashin baƙi kan "an arm and a leg"

Ana saura kwana goma sha biyu Ƙaramar Sallah, kawuna, ƙanin mahaifiyata da ke sayar da shadda da leshi a Kantin Kwari, ya aiko yaron shagonsa ya kira ni. Na same shi zaune a kan dilar yadi, tabarau a kan karan hanci, ya ƙura wa waya ido kamar mai karanta sammaci. Ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo mini ita.

"Kai ɗan nan, duba mini abin da mutumin nan yake nufi. Ni dai na ga hannu na ga ƙafa, ban san abin da ya haɗa kayana da su ba."

Wakilinsa ne da ke turo masa kaya daga ƙasar Sin. Kawu ya nemi a ɗoro masa wasu lesuka a jirgin sama don su riski kasuwar Sallah, shi kuma ya amsa masa da layi biyu: "Air freight will cost you an arm and a leg. Better wait for the ship."

Na ce, "Kawu, cewa yake kuɗin dakon jirgin sama ɗan karen tsada ne, zai cinye ribar har ya taɓa uwar kuɗi. Gara ka jira jirgin ruwa."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya cire tabarau. "To ya faɗi haka mana! Ina ruwan biri da gada?"

Kawu ya yi firamare, kuma ya yi ta da kyau. Ya san "cost", ya san "arm", ya san "leg". Kowace kalma a saƙon nan ya san ta, jimlar ce ta gagare shi. Na daɗe ina koyar da Turanci a ajin yamma, inda yawancin ɗalibaina manya ne, 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikatan jinya da matasan da ke shirin sake zama jarrabawar WAEC ko JAMB, kuma abin da ya faru da Kawu shi nake gani duk shekara. Mutum ya haddace kalmomi fiye da dubu, ya iya haɗa jimla tsaf, sai a jefo masa magana irin wannan ya tsaya cik. Ba laifinsa ba ne. Irin waɗannan maganganu ba a gane su ta hanyar tsinke su kalma-kalma. Bature ma idan ya ji an ce "masu hannu da shuni", ko da ya san hannu ya san shuni, marinar Ƙofar Mata zai nufa neman su, alhali attajirai ake nufi.

Ma'anar dai ba ta da wuya. Idan aka ce abu "costs an arm and a leg", ana nufin ya yi tsada ƙwarai, irin tsadar da mai biya yake jin ta har cikin jikinsa. Hoton da ke ciki shi ne kamar abin da ke aljihunka bai isa ba, sai ka haɗa da gaɓoɓinka kafin a sallama maka. Kambamawa ce, kuma mai faɗa da mai ji duk sun san kambamawa ce. Amma akwai abu biyu da ya kamata a riƙe tun daga nan. Na farko, maganar ba ta zargin mai sayarwa da cuta. Tana iya yiwuwa kayan ya cancanci kuɗinsa, nauyin ne dai ya yi yawa. Na biyu, ma'auninta aljihun mai magana ne. Ɗalibi zai iya faɗar ta a kan littafin naira dubu goma sha biyar, attajiri kuma ba zai faɗe ta ba sai a kan gida a unguwar Maitama ta Abuja.

Wurin da Bahaushe ya fi yin tuntuɓe a wannan magana ba a littattafan koyon Turanci da ake bugowa daga waje ake samun sa ba, domin masu rubuta su ba su san da shi ba. A Hausa, hannu hannu ne tun daga kafaɗa har ƙarshen yatsu. Muna da damtse, muna da gwiwar hannu da tsintsiyar hannu da tafi, amma duk sassa ne na abu ɗaya mai suna ɗaya. Haka ƙafa take, daga cinya zuwa gwiwa zuwa ƙwauri zuwa idon sawu har tafin ƙafa. Turanci bai yi wannan haɗin ba. A wajensa "hand" daga tsintsiyar hannu ne zuwa yatsu kawai, abin da ya yi sama har kafaɗa kuwa "arm" ne. "Foot" daga idon sawu ne zuwa ƙasa, abin da ya yi sama "leg" ne.

Ga yadda kuskuren yake shigowa. Ɗalibi ya ji maganar yau, ya fahimce ta, sai ya ajiye ta a ransa da Hausa: hannu da ƙafa. Bayan mako biyu ya tashi amfani da ita, sai ya ɗauko ta ya mayar Turanci da kalmar da ya fara koya a aji ɗaya, wato "hand". Sai ka ga ya rubuta "it cost me a hand and a leg", wani ma "a hand and a foot". Na sa jan biro a ƙarƙashin wannan ya fi a ƙirga. Abin da ya ƙara dagula shi, Turanci yana da "hand and foot" a wasu maganganun daban da ba ruwansu da tsada. "To wait on someone hand and foot" shi ne yi wa mutum hidima ba dare ba rana, komai sai an yi masa. "Bound hand and foot" kuma an ɗaure mutum tamau ke nan. To ka ga wanda ya musanya kalmomin ya bar hanyar da ya ɗauko ya faɗa wata. Dabarar da nake yi a aji ita ce in sa kowa ya dafa damtsensa da hannu ɗaya, ya dafa cinyarsa da ɗayan, sannan mu faɗi maganar tare. Alhazai masu furfura sukan yi dariya da farko, amma wanda ya yi haka sau uku ba ya sake cewa "hand".

Sai kuma a san cewa magana ce da aka ƙera ta aka gama, ba a taɓa ta. Hannu ne a gaba, ƙafa a baya. "A leg and an arm" yana yi wa mai harshen banbaraƙwai a kunne, kamar a ce maka "hannu ƙwarya hannu baka". Ba a jam'inta ta a ce "arms and legs" ko da kaya goma ake magana a kai: "These phones cost an arm and a leg", wayoyin da yawa, hannun ɗaya ƙafar ɗaya. Ba a mallaka ta a ce "my arm and my leg", domin da zarar ka sa "my" ka fitar da ita daga azanci ka mayar da ita labarin haɗari. Ba a kuma ƙara mata "very" ko "too much", ta riga ta kai maƙura da kanta. Ƙananan kalmomin nan biyu da ke gabansu, "an" da "a", su ma dole ne, kuma bambancinsu na sauti ne: "arm" da wasali ta fara shi ya sa ta ɗauki "an", "leg" da baƙi ta fara sai ta ɗauki "a". Za ka iya jin wani Bature ya ce "an arm and both legs" don ya nuna abin ya wuce misali. Wasa yake da maganar da gangan, kuma wasan yana tasiri ne don kowa ya san asalin. Mai koyo ya fara riƙe asalin tukuna.

Ita kanta kalmar "cost" tana da nata rikicin, kuma a nan ne maki ya fi zubewa a jarrabawa. Ba ta canza siffa idan abin ya wuce. Yau "it costs", jiya "it cost", an riga an yi "it has cost". Don haka "it costed me an arm and a leg" kuskure ne, duk da yawan jin sa da ake yi a bakin masu digiri. Akwai "costed" a Turanci, amma aikinta daban: idan akanta ko injiniya ya zauna ya lissafa abin da aiki zai ci, shi ne ake cewa "the project has been costed". Ƙiyasi ke nan, ba biya ba.

Wani abin kuma daga Turancin Buroka yake tsallakowa. A can "cost" ita kaɗai tana nufin tsada, shi ya sa za ka ji a Sabon Gari ana cewa "e too cost". Wannan daidai ne a Buroka, harshe ne mai nasa ƙa'idojin, ba na raina shi. Matsalar ita ce a ɗauko shi a sa masa rigar Turancin makaranta a ce "it is too cost" ko "it is cost an arm and a leg". A Turancin makaranta "cost" aikatau ce a nan, ba ta buƙatar "is" a gabanta. Kuma kayan ne yake "cost", ba mutum ba. Mu ma haka muke yi da Hausa: gini ne ya ci kuɗi, mai ginin kuwa kashewa ya yi. To idan kana son ka sa kanka a farkon jimla sai ka canza aikatau, ka ce "I paid an arm and a leg for this generator". Idan mai sayarwa kake nufi, "they charge an arm and a leg". Wanda ya ce "I cost an arm and a leg" ya sa wa kansa farashi ne.

Akwai kuma matsalar kunne. Ɗalibai da yawa sun san maganar a rubuce amma ba sa gane ta idan an faɗa, saboda mu mun saba ba kowace kalma haƙƙinta, mu furta biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Mai harshen ba haka yake yi ba. "Arm" da "leg" kawai yake dannawa, sauran ya haɗiye su. "And" takan koma "an", harafin ƙarshenta ya ɓace, sai duka ta fito a dunƙule kamar "anaamanaleg". Mutumin Ingila ba ya furta "r" ɗin da ke cikin "arm", Ba'amurke yana furtawa. Wanda ya san haka zai kama ta ko a rediyo.

Daga ina ta fito? A nan ne intanet ta cika da tatsuniyoyi, kuma ya kamata malami ya san su don kada ya koyar da su a matsayin tarihi.

Wadda ta fi yawo ita ce ta masu zanen hoto. Wai a zamanin George Washington, shugaban Amurka na farko, kafin a ƙirƙiro kyamara, masu zane suna cajin kuɗi ne gwargwadon yawan gaɓoɓin da za su zana, shi ya sa za ka ga hotunan manya da hannu ɗaya a bayan baya ko a cikin riga. Labarin yana da daɗin ji, kuma akwai ƙwayar gaskiya a gindinsa: masu zane a Ingila da Amurka suna da farashi hawa-hawa, na kai da kafaɗu daban, na rabin jiki daban, na tsayuwa cikakkiya daban. Amma girman allon da yawan aikin ake biya, ba a ƙirga hannuwa. Babbar hujjar da ta rushe labarin ita ce lokaci. Washington ya rasu a 1799, ita kuwa wannan magana sai a tsakiyar ƙarni na 20 ta bazu a rubuce-rubuce. Da a ce daga masu zanen ta fito, da an gan ta a wasiƙu da jaridun shekara ɗari da hamsin da ke tsakani.

Ta biyu ta fi wayo. A 1680 Sarkin Ingila Charles na Biyu ya ba wasu mutum biyu, Sir Thomas Armstrong da Kanar George Legge, izinin buga kwabban tagulla don ƙasar Ayalan. Wannan ya faru. Sai masu labarin suka ɗora cewa wai daga sunayensu, Armstrong da Legge, aka gutsuro "arm" da "leg". Dacewar sunayen ce ta ja hankali, amma babu wani rubutu na wancan zamani da ya nuna ana faɗar haka, kuma ƙaramin kwabo ba shi ne abin da za a yi wa tsada misali da shi ba.

Abin da takardu suka nuna shi ne magana ce ta Amurka, wadda ta yi ƙarfi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga cikin tsofaffin misalan da masu bin diddigin kalmomi suke kawowa akwai na wata jarida a garin Long Beach na jihar Kalifoniya, a watan Disamba na 1949, inda aka tallata cewa editar shafin girke-girke tana da dabaru fiye da goma ga uwargidan da ke son faranta wa mutane rai a Kirsimeti ba tare da abin ya ci mata "an arm and a leg" ba. Ka lura ba a tsaya yi wa mai karatu bayani ba, alamar cewa maganar ta riga ta zauna a bakin mutane. Kafin ita kuma, tun ƙarni na 19, Turanci yana da 'yan'uwanta da suka share mata hanya: "I would give my right arm", wato zan ba da hannuna na dama in sami abu kaza, da kuma "if it takes a leg", wato ko da ƙafa za ta tafi sai na yi. Tunanin biyan abu da gaɓa tsoho ne a harshen. Zamanin da ta bazu kuma zamani ne da dubban sojojin Amurka suka dawo daga fagen fama babu hannu ko babu ƙafa, mutane suna ganin su a titi da idonsu. Duk wanda ya faɗe ta a 1949 ya san irin farashin da yake ambato.

Da na yi wa Kawu wannan bayani a wata ziyarar, sai ya yi shiru, sannan ya kawo abin da ban taɓa haɗawa ba duk shekarun da na yi ina koyar da maganar. Shi mutum ne mai zuwa karatun zaure bayan Asuba. Ya ce, "Ai kuwa ba su faɗi ƙarami ba. Ba ka tuna babin diyya?" A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, a wasiƙar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta wa Amru bin Hazm, an ƙayyade diyyar rai raƙuma 100, ta hannu raƙuma 50, ta ƙafa 50, ta ido ma 50. Kawu ya ɗaga yatsu ya lissafa. "Hamsin da hamsin nawa? To hannu da ƙafa diyyar mutum sukutum ke nan." Turawan da suka ƙirƙiro maganar ba daga fiƙihu suka ɗauko ta ba, ba ina cewa haka ba ne. Amma ga kunnen da ya tashi da wannan karatu, lissafin yana ba maganar nauyinta na gaskiya, kuma tun daga ranar da shi nake buɗe darasin. Ba wanda ya sake mantawa da cewa ba a faɗar ta a kan kuɗin ƙosai.

Wannan ya kawo mu ga 'yan'uwanta, domin Turanci yana da maganganun tsada da yawa kuma ba ɗaya suke ba, kamar yadda "ya yi tsada" da "an cuce ni" ba ɗaya ba ne a wajenmu. Mafi kusa da ita ita ce "cost a fortune", ya ci dukiya, kuma ta fi ta sauƙin shiga ko'ina. Mutanen Ingila suna da "cost the earth" da "cost a bomb". "Pay through the nose" ta ɗan karkata, tana nuna ka biya fiye da ƙima, sau da yawa don ba ka da mafita, irin wanda ya sayi tikitin mota ana gobe Sallah. "Rip-off" da "daylight robbery" kuwa zargi ne kai tsaye, fashi da rana tsaka, kuma idan ka faɗa wa mai kaya a gabansa ka shirya wa abin da zai biyo baya. Na taɓa ganin ɗalibina ya rubuta wa abokin cinikinsa na shekaru "your price is a rip-off", shi a zatonsa ya ce kayan sun yi tsada ne kawai, irin abin da muke faɗa kullum kafin a ce albarka. Sai da aka yi ban baki kafin hulɗar ta dawo. "Break the bank" ita kuma an fi jin ta a kore, "it won't break the bank", ba zai karya ka ba. Ita ma "an arm and a leg" tana yawan zuwa a kore a bakin masu talla, kamar yadda ta zo a jaridar 1949 ɗin: ga kaya mai kyau da ba zai ci maka hannu da ƙafa ba.

Inda na fi ganin ana cakuɗawa, har a wajen masu fassara labarai, shi ne tsakanin tsada da tashin farashi. Ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Wannan motsin, daga ƙasa zuwa sama cikin hanzari, shi muke kira tashin gwauron zabi, Turanci kuma ya ce "skyrocketed" ko "went through the roof". Amma direban da ya tsaya a gidan mai yana ƙirga abin da zai cika tanki, shi ne mai cewa "it costs an arm and a leg to fill the tank". Ɗaya labarin tafiyar farashi ce, ɗaya labarin inda ya tsaya da yadda yake gasa mai biya. Zinare bai buƙatar ya tashi jiya kafin ya ci hannu da ƙafa, dama can haka yake. Tumatir kuwa zai iya yin tashin gwauron zabi da damina amma har yanzu bai kai a kira masa gaɓoɓi ba.

Sai wurin faɗa. Magana ce ta hira, ta saƙon waya, ta tsakanin abokai da abokan aiki. Tana shiga rubutun jarida mai sassauci da talla. Ba ta shiga takardar neman aiki, ko rahoton ofis, ko wasiƙar neman tallafin karatu, ko takardar kotu. A can ana cewa "very expensive", ko "exorbitant" idan tsadar ta wuce hankali, ko "prohibitive" idan ta kai ta hana mutane saye. Masu shirin IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, su kula da wannan sosai: a ɓangaren magana da baki tana iya ƙara maka armashi idan ta zo a muhallinta sau ɗaya, a ɓangaren rubutun insha'i kuwa ba wurinta ba ne.

Akwai kuma wurin da nake roƙon ɗalibaina kada su faɗe ta ko da nahawunsu ya yi daidai. Muna zaune da mutanen da suka rasa hannu ko ƙafa da gaske, wasu a haɗarin mota, wasu ta ciwon suga, wasu a tashin bama-baman da aka sha fama da su a Arewa. Wata ma'aikaciyar jinya a ajina ta ba ni labarin yadda wani ɗan'uwan majinyaci, mai Turanci sosai, ya tsaya a bakin gado yana ƙorafin kuɗin aiki da wannan magana, alhali wanda ke kwance a gadon kusa an yanke masa ƙafa kwana uku da suka wuce, kuma yana jin Turanci. Ta ce ɗakin ya yi tsit. Mai maganar bai yi da nufi ba, bakinsa ne ya riga tunaninsa. Amma a asibiti, da wajen jaje, da gaban duk wanda abin ya shafa, "cost a fortune" ta wadatar.

'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci suna da tasu irin wannan, sai dai ido ta kama: "coûter les yeux de la tête", wato abu ya ci idanun da ke kai. Mutanen Sifaniya da na Italiya su ma ido suke ambata. Ɗalibi daga Maraɗi ko Damagaram da ya zo koyon Turanci yakan gane "an arm and a leg" nan take, domin ya riga ya saba da a biya tsada da sassan jiki, gaɓar ce kawai ta canza. Hausa kuwa ba ta bi ta nan ba. Mu cin kuɗi muke gani, da tatsa, da ƙarewa ƙarƙaf. Mukan ce abu ya yi ɗan karen tsada, ko ya ci kuɗi na fitar hankali, ko ya fi ƙarfin talaka, ko sai wane da wane. Idan za mu kambama da abin da mutum zai rabu da shi, gona muke ambata, ko gidan gado, ko rigar da ke wuyansa.

Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga an fassara ta kai tsaye a rubutun Hausa, an ce wai abu "ya kashe hannu da ƙafa". Mai karatu a ƙauye zai ɗauka haɗari aka yi, wani ma hankalinsa ya tafi ga haddi. Mai fassara ya tambayi kansa abin da Bahaushe zai faɗa a daidai wannan wuri, da wannan zafin, sannan ya rubuta shi. A ɗauki kujerar Hajji, wadda a 2023 take kusan naira miliyan 3, a 2025 kuma ta haura miliyan 8. Idan wani ya rubuta "Going on Hajj now costs an arm and a leg", in labari nake fassarawa zan ce kujerar Hajji ta yi ɗan karen tsada. In sharhi ne mai ɗauke da takaici, zan ce kujerar Makka yanzu sai wane da wane. In kuwa daga bakin wani dattijo maganar ta fito, wanda ya shekara goma yana tari a asusu yana sa rai, zan sa masa abin da na ji irinsu suna faɗa a bakin masallaci: yanzu kam sai mutum ya sayar da gona kafin ya ga Ka'aba.